Ranar da na ce wa Gwaggo ta dakata

Ba zan taɓa mantawa ba da wata Laraba, sati uku da kai ni ɗakina a Bakura. Ko na so in manta ma, dangin mijina ba za su bari ba.

Bari in fara da faɗin gaskiya a kaina: ba ni da haƙuri. Ni ce mai buɗe tukunya sau biyar kafin shinkafa ta nuna. A sakandare a Mafara, kafin malami ya gama tambaya na riga na ba da amsa, rabi daidai, rabi shirme. Shi ya sa ranar da za a kai ni, mahaifiyata ba ta tsaya doguwar nasiha ba. Ta riƙe hannuna ta ce, "Ɗiyata, ko wata guda ne, ki bari su ɗauka kina da kunya."

Kuma na yi ƙoƙari, wallahi. Sati uku kaina a ƙasa, mayafi har goshi, magana ƙasa-ƙasa kamar mai ciwon haƙori. Surukata, Inna, har ta fara gaya wa maƙwabta cewa ɗanta ya samo yarinya mai sanyi. Saura mutum ɗaya kawai ta gan ni a haka, wato Gwaggo, yayar mahaifin mijina, da ke Maradun. Ba ta samu zuwa biki ba saboda hanya ba ta da kyau a lokacin. A wannan gidan kuwa, abin da Gwaggo ta faɗa a kan amarya shi dangi ke riƙewa.

Sai ga Hafsi ta dawo hutu.

Hafsi ƙanwar mijina ce, tana karatu a Sakkwato. Ta dawo da wani kwali cike da katuna masu zanen dodanni masu shan jini, duk fuska fari fat, haƙora a waje. Yayan wata ƙawarta ne ya kawo daga waje, ya gaji da su. ("Ba karta ba ce," in ji ta, tun ban tambaya ba. "Babu caca. Ƙwaƙwalwa ce.") Kullum bayan azahar sai ita da ƙanwarta Rabi'a su shigo ɗakina mu baje tabarma, tunda ɗakin amarya ne kaɗai ba a leƙawa ba sallama.

Wasan ba shi da wuya in kana da natsuwa. Kowa na da tulin jini a gabansa. Mu wake muke sawa a madadin jinin. Na damanka yana farautarka, kai kana farautar na hagunka. Wanda wakensa ya ƙare ya fita. Dodon da ka aika aiki sai ka kwantar da katinsa a gicciye, kuma kwantacce ba ya tare maka komai. In layinka ya zagayo, abu na farko shi ne ka tashe su duka, sannan ka yi sauran. In ka tsallake ka wuce, ka wuce ke nan, ba a komawa. In kuma an turo maka hari, lokacin tarewa ɗan ƙanƙani ne: daga sanda mai harin ta ce "na turo" zuwa ta ƙirga uku. Kafin nan bai yi ba, bayan nan ya wuce.

Kun dai ga inda matsalata take.

Ran Litinin na jefa katin tarewa tun Hafsi ba ta buɗe baki ba. Ta ce, "Anti, mi kika tarewa? Iska?" Katin ya tafi a banza. Ran Talata na leƙa tukunya, na dawo na tarar ta ƙirga uku ta kwashe min wake huɗu. Rabi'a ta yi dariya har da kwanciya. Na rantse a raina cewa ran Laraba ko gobara ake yi sai na tare a kan lokaci.

Ran Laraba wake uku ya rage min. Hafsi na damana, da wani ƙaton dodo mai jar riga wanda in ya sauka wake uku cif yake ɗauka. Ni kuma ina riƙe da katin tarewa mai kyau, na ɓoye shi tun farkon wasa. Na yi layina da sauri-sauri don a zo wurin, ina jira kawai ta ce ta turo.

Sai muka ji sallama a bakin ƙofa. Muryar Inna ce. "Amarya, ga Gwaggonku ta iso."

Ban san sanda na ja mayafi na durƙusa ba. Gwaggo ta shigo, doguwar tsohuwa da carbi, ta zauna a bakin gado, Inna na tsaye a gefe tana murmushin wadda za ta nuna kaya mai kyau. Su Hafsi suka gaishe ta a gurguje irin na 'ya'yan gida, suka koma gefen tabarma. Ni ce mai doguwar gaisuwa.

"Ina wuni, Gwaggo."

"Lahiya lau, amarya. Ina baƙunta?"

"Alhamdulillahi. An zo lahiya?"

"Lahiya lau."

"Ya hanya?"

"Mun gode Allah. Ina mutanen Mafara?"

"Suna lahiya."

Muryata ta fita daidai yadda na yi sati uku ina gyara ta. Gwaggo ta gyaɗa kai, ta kalli Inna, na ga alamar na ci. Ta ɗaga hannu ta fara sa albarka. "Allah shi ba da zaman lahiya. Allah shi haɗa kanku. Allah shi kau da..."

Kaina na ƙasa. Wanda kansa ke ƙasa kuwa tabarma yake gani. Da gefen ido na hango hannun Hafsi ya kwantar da mai jar riga a hankali. Ta yi raɗa, yadda ni kaɗai zan ji: "Na turo. Ɗaya."

(Daga baya ta rantse wasa take yi, wai ba ta zaci zan kula ba. Ƙarya take.)

"Amin," na ce wa Gwaggo.

"Biyu."

Ni dai ban yanke shawarar komai ba. Hannuna na hagu ne ya tashi da kansa, tafin ya kalli fuskar Gwaggo kamar na ɗan sanda a kan titi, bakina kuma ya buɗe da ainihin muryata, wadda Bakura ba ta taɓa ji ba.

"Dakata Gwaggo! NA TARE!"

Na maka katin a tabarma. Wake ya watse. Mayafina ya zame ya faɗi baya.

Gwaggo na nan da hannuwanta a sama, a tsakiyar addu'a. Murmushin Inna bai tafi ba, ya dai tsaya cak a inda yake. Wata ƙwayar wake ta gangara har gaban takalmin Gwaggo, dukanmu muka bi ta da kallo.

Gwaggo ta sauke hannu. Ta ce, "To. Mun dakata."

A nan mai hankali za ta faɗi ta ba da haƙuri. Amma Hafsi ta leƙa gabana ta ce, "Anti, ba ki iya tarewa. Naki duk kwance suke."

Na duba. Dodannina uku, duk a gicciye. Garin saurin a zo wurin tarewa, ban tashe su ba a farkon layina.

Kun san me na yi? Gardama. A durƙushe, kai ba mayafi, gaban surukata.

"Ai mantuwa ce! Kowa ya san da na tashe su!"

"In kin wuce kin wuce."

"Ke jiya ba ki koma ba?"

"Jiya katin ne ya ce in koma. Naki ya ce?"

Sai da na ji Inna ta yi gyaran murya sannan na tuna a duniya nake.

Gwaggo ta juya wurin Hafsi. "Ke, hwaɗa min. Abin ga da anka tsai da ni dominai, ya yi ko bai yi ba?"

"Bai yi ba, Gwaggo."

"Ko kaɗan?"

"Ko kaɗan. Ta ma fita wasan."

"Allah Sarki," in ji Gwaggo. Ta sake ɗaga hannu, ta ɗora daga daidai inda na katse ta, ba ta maimaita ko kalma ɗaya ba. "...sharrin masu sharri. Allah shi kawo zuri'a mai albarka." Ta tsaya, ta dube ni. "Amarya, yanzu layinki na. Ce amin."

Na ce amin. Ban san da wace murya ba.

Da za su fita na ji tana ce wa Inna a tsakar gida, ba tare da ta rage sauti ba, "Kin ce min mai sanyi. Wagga ko kasuwar shanu anka kai ta sai an ji ta." Inna ta ce, "Ni ma yau muka gaisa da ita."

Kafin magariba labari ya kai Mafara. Mahaifiyata ta kira ni, na ɗauka ina jiran faɗa. Ta ce, "Sati uku dai. Ni da babanki biyu munka ba ki."

Har yau ina wasan, kuma ina tashin dodannina kafin in yi numfashi. Kunyar amarci kam ta tafi ranar, ba ta dawo ba, kuma gaskiya wuyana ya huta. Abin da na koya bai da yawa: in har za ki tsayar da tsohuwa a tsakiyar addu'a, ki fara dubawa ko kina da abin da za ki tare da shi. Rashin kunyar an yafe min tun tuni. Abin da Gwaggo ba ta yafe ba, duk wanda ta ba labarin a Maradun sai ta ƙara masa da cewa ban ma ci ba.