Rasuwar Kumandan Tsawa, Mai Gadin Shinkafa a Saga

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da wani abu kuma da ya fi kama da tsoro, ni Oumarou, tsohon direban kamiyo, wato babbar motar kaya, nake sanar da manoman Saga da dangi na Harobanda da Kirkissoye rasuwar Kumandan Tsawa, mutum-mutumin roba mai jar alkyabba da ya shekara tara yana gadin shinkafata. Ya cika ranar Talata bayan la'asar, a bakin aikinsa.

Marigayi ɗan gidan jaruman nan ne na littattafan zane da sinima, masu tashi sama ba fiffike, masu ɗaga jirgi da hannu ɗaya. A Kwatano na tsince shi, a ƙofar wani gidan wasa da aka rufe, na ɗauro shi bisa kaya har Yamai. Ƙirji kamar ƙofar zaure, fuska a rufe kamar wanda ya yi abin kunya a garinsu, kamfai kuma a kan wando. Ban taɓa tambayarsa dalili ba. Liman ya taɓa ce mini gunki ne, na ce lebura ne.

Bai taɓa tashi sama ba, gaskiya. Amma dunƙulen hannunsa kullum a sama yake, in iskar kogi ta kaɗa alkyabbarsa sai ka ji fat, fat, fat, garken tsuntsun jan-baki ya juya tun daga tsakiyar ruwa. Ni na yi yawo, na ga manyan da ake tsoro a hanya. Duk asirinsu ɗaya ne: kada a saba da kai. Shi ya sa duk bayan kwana uku nakan ɗauke shi in canza masa wuri.

Ciwon ajali ya same shi ina Maraɗi wajen suna. Na bar shi hannun surukina Yacouba, magini ne, mai son aiki mai ƙarko. Ya ga iska na yawan kayar da shi, sai tausayi ya kama shi, ya haƙa rami ya zuba wa ƙafafunsa siminti. Da na dawo har ya kai ni in yaba.

Kwana huɗu tsuntsaye na kallonsa daga bishiyoyin gaɓa. Rana ta biyar ɗaya ta sauka bisa dunƙulen hannun, ta jira, ba abin da ya faru. Kafin sati sun yi masa farin rawani da kashi. Da hadarin Talata ya taso, shi da ya saba faɗuwa mu tashe shi, ya rasa yadda zai faɗi. Ƙas! ya karye daga ƙugu. Ashe cikinsa fanko ne, iska kawai. Na daɗe da sani. Yanzu su ma sun sani.

Ya bar ƙafafu biyu a tsaye cikin siminti, da alkyabbar da uwargida Zuwera ta tsinto cikin laka, da shinkafa kadada guda tana nono, saura kwana ashirin a yanka, wadda ita ce tuwon gidana na shekara. Tun jiya bishiyoyin gaɓa sun yi baƙi da tsuntsaye, rassa na lanƙwasa, kuma ba sa kuka.

Za a binne rabinsa na sama gobe bayan sallar asuba, a gefen gona. Yacouba zai haƙa, ba siminti. Ba zaman makoki a gida. Za a karɓi gaisuwa a cikin gonar, a tsaye, daga fitowar rana zuwa faɗuwarta, har ranar yanka. Mai zuwa ya taho da gwangwani da tsakuwa da majajjawa, kuma kada ya danne kukansa, ya sake shi da ƙarfi. A yi sammako don Allah, domin waɗanda suka ga bayansa za su riga kowa zuwa.