Rasuwar Baƙa, Kyamarar da Kada Ya Ja

Da zuciya mai cike da baƙin ciki nake sanar da 'yan'uwa da abokan kallon tsuntsaye rasuwar kyamarata, wadda yaran gida suke kira Baƙa. Ta rasu ranar Asabar da hantsi, a fadamar bayan madatsar ruwa, tana bakin aikinta.

Marigayiya mai haƙuri ce. Ni mai sayar da magani ne, ba gwanin hoto ba, amma ba ta taɓa tona mini asiri ba. Da ita na koyi bambanta zalɓe da balbela daga nesa, ita ce kuma ta nuna mini cewa tsuntsun da na daɗe ina kira shaho ashe shirwa ce. Ba ta da surutu. In ta kama tsuntsu sosai sai ta ce "tit-tit", in na danna ta ce "ƙyas", shi ke nan.

Ga yadda ajali ya same ta. Wani masunci da yake sayen maganin ciwon baya a kantina ya ba ni labarin wasu gauraki da suke sauka a fadamar. Na yi shekaru ina neman gauraka. Ya ja mini kunne kar in wuce inda ciyawa ta ƙare, na ce to. Ina hango su da tukkun nan nasu mai ruwan zinariya, sai gargaɗi ya bi iska. Na naɗe wando, na shiga ruwa har gwiwa, na kafa mata ƙarfenta mai ƙafa uku a cikin taɓo, igiyarta tana rataye a wuyana.

Ban ji motsin komai ba. Gaurakin ne kawai suka tashi a firgice, ruwan gabana ya tsage, kada ya cafke ƙafar ƙarfen. Yana ja igiya ta shaƙe ni, na kife rub da ciki, bakina ya cika da taɓo. Ina jin wutsiyarsa tana dukan ruwa, ana jana kamar buhu, salati ma ya ƙi fita. Can na jiyo masuncin daga kwalekwalensa yana ihu: "Malam, sake ta! Sake ta!" Ai ba ni na riƙe ta ba. Ya dira cikin ruwan da wuƙar gyaran kifi, ya yanke igiyar daf da kunnena, ya fizgo ni ta wuyan riga. Baƙa ta tafi.

Washegari komar masuncin ta kamo gawar. Mai gyara ya buɗe cikinta, ruwa da yashi suka zubo a teburinsa. Ya girgiza kai ya ce, "Yallaɓai, wannan sai haƙuri. Amma katin hotunan yana da rai."

Da ma katin ya bi ta. Na sa shi a kwamfuta, uwargida tana tsaye a kaina. Gaurakin sun fito tar, ban taɓa ɗaukar hoto mai kyau haka ba. Ita ce ta ɗora yatsa a ƙasan hoton farko ta ce, "Baban yara, wannan mene ne?" Wasu ƙulutai biyu ne a kan ruwa, can nesa. A hoto na gaba sun matso. A na bayansa sun ƙara matsowa, har ana ganin tsagar ido. Ashe duk lokacin da nake gyara haske ina murmushi, ni ma ana kallona. Ta rufe kwamfutar, ta zauna a ƙasa, ta rufe baki da mayafi. Tun ranar, ko baho aka cika mini da ruwan wanka sai na leƙa kafin in sa hannu.

Marigayiya ta bar batura biyu, da caja, da jaka wadda har yanzu ban iya buɗewa ba, da littafin gane tsuntsaye. Ta kuma bar mini tabon igiya a wuya, da hukuncin uwargida cewa daga yau tsuntsun da bai sauka kan wayar lantarkin ƙofar gida ba, ba ruwana da sunansa. Ban yi musu ba.

Za a naɗe ta a tsohon tawul, a kwantar da ita a durowar ƙasa ta kantina gobe bayan azahar. Ana karɓar gaisuwa a falon gida. Muna roƙon masu zuwa su yi sallama da ƙarfi tun daga bakin ƙofa, su shigo ta inda zan gan su, kuma don girman Allah, duk tsananin tausayi, kar wanda ya dafa ni ta baya.