Adafta Mai Nauyi ta Alhaji Tanimu

Alhaji Tanimu dillalin raguna ne, kuma duk wanda ya san shi a kara ya san ba da ido yake ciniki ba, da hannu yake yi. Zai cicciɓi rago ya ɗaga ƙirjinsa sau ɗaya, ya faɗa maka yawan naman da ke jikinsa, mahauci ya yanka ya tarar haka ne. Inda gizo ke saƙar shi ne, Alhaji ya ɗauka duniyar ma duk kara ce. Agogo ne, kwaɗon ƙofa ne, har kwalbar maganin tari, sai ya ɗora a tafin hannu ya jinjina: mai nauyi shi ne na gaske, marar nauyi jabu. Alfaharinsa kuwa guda ne, majalisarsu har ta haddace shi. Shekara talatin yana karɓar amanar dabbobin mutane, ba wadda ta taɓa ramewa a hannunsa.

Wannan cika bakin ne ya sa maƙwabcinsa, Likita Sammani, da zai tafi Umra ya damƙa masa makullin falonsa da amanar kifinsa. Wani jan kifi ne guda ɗaya tal, na ado, yana cikin akwatin gilashi, Likita yana ji da shi kamar ɗan fari. A ƙarƙashin murfin akwatin akwai fitila, kusa da ita kuma wata 'yar fanka da ke hura mata iska don kada ta dafa ruwan. Likita ya ce abinci sau biyu a rana, amma babban abu shi ne kada fankar nan ta tsaya, don bazara ake ciki. Alhaji ya bugi ƙirji ya ce wanda ya riƙe bijimi ba kifi ne zai gagare shi ba.

Ranar Alhamis, saura kwana biyu Likita ya dawo, sai adaftar da ke ba fankar wuta ta ce ga garinku nan. Alhaji bai ko kalli rubutun da ke jikinta ba. Ya yi abin da yake yi idan zai sayo wa iyali takalmin Sallah: ya karyo tsinken tsintsiya, ya auna bakin inda ake soka wayar, ya jefa a aljihu, ya nufi shagon Malam Ilu mai kayan lantarki.

Malam Ilu ya dubi tsinken ta saman tabarau, ya dubi Alhaji. "Ajiye tsinkenka, Alhaji. Ni na sayar wa Likita fankar nan, wuta bolt sha biyu take ci. Ga tata."

Ya miƙo wata 'yar ƙaramar adafta. Alhaji ya ɗora ta a tafin hannu, ya jinjina, ya yatsine fuska.

"Haba Malam Ilu! Kwalin ashana ma ya fi wannan auki. Miƙo mini waccan baƙar ta kan kanta."

"Waccan ta injin buga takardu ce, bolt ashirin da huɗu. Ninki biyu ke nan. Bakin zai shiga, amma fankar ba za ta ɗauka ba. Kai da kanka ka sani, in ka ɗura wa ɗan tunkiya dusar bijimi, kumburi zai yi."

"Kai za ka koya mini dusa?" Alhaji ya karɓi baƙar adaftar, ya ji ta cika masa hannu kamar rabin bulo, ransa ya yi fari. Ya gwada tsinkensa, ya ga daidai. "Ka ji kaya! Ku masu shago haka kuke, ku ɓoye na gaske ku tura wa mutum holoƙo."

Malam Ilu ya faɗa sau uku, ya kafa shaidu da maƙwabtan shago, sannan ya ƙulle masa ita a leda. Wanda bai ji bari ba, ai ya ji hoho.

Da Alhaji ya jona ta, fankar ta ɗauki gudu tana kuka kamar injin markaɗe. Ya tsaya ya riƙe ƙugu yana murmushi, yana cewa yau kifin nan ya san an canza hannu. Washegari Juma'a ya kulle falo, tagogi a rufe, ya tafi kasuwar Wudil. Gidan Likita kuwa sola ce, wuta ba ta ɗaukewa, saboda haka fitila ta wuni tana ci.

Bayan la'asar ya dawo, ƙaurin roba ne ya fara yi masa maraba tun daga ƙofa. Fanka ta narke ta langaɓe. Ya tsoma yatsa a ruwan, ya ji shi kamar na wankan jego. Ga jan kifin Likita can a sama, ciki a waje, ya kumbura ya yi suntum. Gaskiya Alhaji ya ba ni tausayi a nan, don ba kuɗin kifin ne ya dame shi ba. Kirarin shekara talatin ne ya ga yana yawo a saman ruwa.

Ya kwashi kifin a leda, ya tsinko adaftar, sai shagon Malam Ilu. Tun daga bakin titi yake faɗa, mutane suka taru.

"Ka cuce ni, Malam Ilu! Ka sayar mini da mugun abu!"

Malam Ilu ya miƙa hannu ya karɓa. Ya jona adaftar a mitarsa ta auna wuta, ya juyo da ita kowa ya gani. "Lafiyarta ƙalau, Alhaji. Ashirin da huɗun da na faɗa maka, ko ɗaya bai ragu ba."

Alhaji ya dubi mitar. Ya dire ledar kifin a kan kanta, murya ta dawo ƙasa. "To yanzu gobe me zan ce wa Likita? Ni da dabba ba ta taɓa lalacewa a hannuna ba?"

Malam Ilu ya ɗauki ledar, ya ɗora ta a tafin hannu, ya jinjina a hankali, ya gyaɗa kai.

"Kada ka ce masa komai, Alhaji. Ɗora masa a hannu kawai. Wallahi ya fi yadda ya bar maka shi nauyi."