Nafi'u da Jerin Mamatan Koriya

Duk Funtuwa babu wanda ya kai Nafi'u mai cajin waya sanin abin da bai sani ba. Ka ce ƙwallo, ya taɓa horar da 'yan wasa. Ka ce jirgin sama, saura ƙiris ya tuƙa.

To, sai ga shi yana neman Barira, wata mai ɗinki da ta haukace a kan wani fim ɗin Koriya mai dogon zango. Mutum arba'in ne suka maƙale a tsibiri, kullum sai an rasa ɗaya. Ta gaya masa ƙiri-ƙiri: saurayin da ba za su yi hirar fim ɗin nan ba, ya kama gabansa.

"Wannan?" in ji Nafi'u. "Sau uku na kalle shi. Ba ma da fassara ba, da Koriyancinsa tsantsa!"

"To gobe da la'asar ka zo ka gaya mana waɗanda suka mutu. Ni da Yaya Hansatu mun gama shi jiya."

Yana komawa ya nemo fim ɗin a waya. Kashi goma sha shida, kowanne awa guda. Ina! Sai ya yi dabara, ya tura fim ɗin fuuu zuwa can ƙarshe. Allo ya yi baƙi, kiɗa mai ban tausayi ya tashi, sunaye suka fara hawa ɗaya bayan ɗaya. Ya buga cinya. "Alhamdu lillahi, ga mamatan ma an jero!" Ya kwafe su tsaf a takarda.

Washegari ya sha shadda, ya fesa turare, ya zauna a zauren su Barira ya ɗora ƙafa ɗaya kan ɗaya. Ya zaro takarda, ya gyara murya, har da matse ido kamar mai ƙwalla.

"Na farko, Pak wane. Mutuwarsa ta taɓa ni. Kada ne ya haɗiye shi, ƙwam!"

Barira ta kalli yayarta. "Kada? A wane kashi?"

"Na bakwai. Wataƙila naku an yanke wurin. Na biyu, Kim wane, ya faɗo daga dutse, tim! Na uku, wata baiwar Allah, yunwa ce ta gama da ita."

Haka ya yi ta kashe su, har ya kai sittin da biyu.

Hansatu ta ce, "Malam Nafi'u, mutum arba'in suka shiga tsibiri, ka binne sittin da biyu?"

"Ai... akwai waɗanda suka zo ta'aziyya."

Ta miƙa hannu. "Mu ga takardar."

Ta ɗauko wayarta ta buɗe ƙarshen fim ɗin, tana dubawa tana gyaɗa kai. "Wanda kada ya haɗiye, darakta ne. Wanda ya faɗo daga dutse, mai kyamara. Wadda yunwa ta kashe kuwa, ita ce mai dafa wa ma'aikata abinci."

Barira ta faɗi kan tabarma tana dariya tana riƙe ciki.

Da kyar ta ɗago. "Allah Sarki! To in duk sun mutu, wa ya ƙarasa fim ɗin?"

Hansatu ta ninke takardar ta saka masa a aljihu.

"Ga shi zaune. Ai shi kaɗai ya tsira."