Ranar da Na Dafa Ƙasa

Ko tsufa bai sa na manta da ranar da na dafa ƙasar bakin kogin Komadugu ba. Lokacin ina aiki a ɗakin shan magani a Diffa, zamanin Nasara, aikina ɗaya ne: tafasa allura. Burina kuma a tura ni Damagaram koyon aikin jinya.

Wata shekara lokotoro, wato likitan da ke zuwa mana rangadi, ya kira ni. Ya ce maganin tarin fukan da muke yi wa mutane allurarsa, wasu ƙwayoyin halitta ne da ke cikin ƙasa suke yin sa. Ba kowace ƙwaya ba, wai abin gado ne, kamar yadda ɗori yake bin gida. Yana son ƙasar bakin kogi daga Geskeru, ya aika a bincika ko akwai masu wannan gado. In na yi aikin da kyau, zai sa sunana a takardar Damagaram.

Na hau doki na tafi, na cika kwalabe shida daga gonakin tattasai. Da na dawo na duba, sai ga tsutsa, ga kashin awaki. Kunya ta kama ni. Ni da aka sani da tsafta, in miƙa wa lokotoro wannan? Na tankaɗe ƙasar da rariya, na zuba a tukunyar allura na tafasa, na shanya. (Har kwalaben na goge da toka, don kada a ce.)

Na jera masa su a gaban Baba Kyari, tsohon ma'aikacinmu. Lokotoro ya buɗe ɗaya ya shinshina, ya ce ina ƙamshin ƙasa?

Na gyara tsayuwa, na kira shi yadda muke kiran Turawan Faransa, na ce, "Mushe, kada ka damu. Sau biyu na tafasa ta."

Ya ajiye kwalbar. Sannan ya ce wa Baba Kyari, "Gaya masa ya kashe ƙwayoyin duka, har da jikokinsu."

Washegari ya wuce, ya bar kwalaben. Takardar Damagaram ta fito da sunan wani. Ni kuwa na ci gaba da tafasa allura, da sabon suna: Mai Dafa Ƙasa. Tun daga ranar, ko ruwan shayi aka ce in ɗora, sai na tambaya ko akwai wanda ake so da rai a ciki.