Sifikar Hagu

Ranar da na sayo hom tiyata, na'urar kiɗa mai sifiku biyu, daga kasuwar Maigatari, na gayyaci abokaina gidana a Gumel su zo su ji yadda ake jin waƙa. Kafin su iso na kunna, sai na ji sifikar hagu kamar daga cikin rijiya take magana.

Na musanya sifikun, hagun dai bai gyaru ba. Na sake wayoyi. Na kira mai shagon na ce masa maci amana. Daga ƙarshe na yanke hukunci cewa kabet ɗin matata Hadiza ne ke shanye sautin. Na ja shi ni kaɗai, farantan aurenta suka zubo suka tarwatse.

Ana cikin haka abokaina suka yi sallama. Maƙwabcina Malam Sani ya saurara, ya ce, "Ai duka biyun lafiya lau suke."

"Kai me ka sani game da sitiriyo?" na daka masa tsawa. "Sai kunnen da ya ƙware!"

Hadiza ta ajiye tsintsiya, ta kama kunnena na hagu a gaban kowa, ta zaro audugar da ta sa mini da safe saboda ciwon kunne. Nan take sauti ya cika falon.

"Maigida," ta ce, "saura farantaina."

Har yau in na je majalisa, Malam Sani sai ya leƙa kunnena tukuna, sannan ya ce, "Injiniya, yau wace sifikar ce ke aiki?"