Ranar da Aka Hango Fadamarmu Daga Sama

Ba zan taɓa mantawa da ranar da aka tara mu a makarantar firamaren garinmu ba, kuma ko na so in manta, akwai waɗanda suka ɗauki nauyin tuna mini har in koma ga Mahaliccina.

Garinmu yana arewa da Ɗanbatta. A gabashinsa akwai fadama wadda hukuma ta keɓe, ta hana noma da saran itace da haƙa a bakinta, domin ita ke riƙe ruwan rijiyoyinmu da rani, a cikinta kuma tsuntsayen kirinjijiya ke sauka. Da aka kafa kwamitin dattawa masu kula da ita, ni aka ba shugabanci (ban nema ba, amma da wani aka ba, da na yi mamaki ƙwarai).

Ranar nan ma'aikatan muhalli suka zo daga Kano, wata baiwar Allah mai suna Malama Rabi ce jagorarsu. Suka rufe tagogin aji, suka haska hoto a bango, suka ce tauraron ɗan'adam ne ya ɗauko shi daga sama. Ga fadamarmu kore shar, sai wani jan tabo a gefenta.

"Baba, bara babu wannan," in ji ta. "Rami ne. An ɗebi ƙasa mai yawa, har ruwa ya fara zurarewa ciki."

Raina ya ɓaci matuƙa. Na miƙe, na gyara babbar riga, na fuskanci dagaci. "Ranka ya daɗe, wannan ba aikin ɗan garin nan ba ne. Mutanen ƙetaren fadama ne, mun san halinsu tun zamanin iyaye. Ko wane ne, a ambaci sunansa a bainar jama'a, ya cike ramin nan, kuma kwandon farko a kansa zai ɗauka!" Jama'a suka ce madalla, dagaci ya ce ya amince.

Malama Rabi ta dube ni, ta sassauta murya. "Baba, ko mu bar sauran sai mun keɓe?"

"A'a, 'yata. A nan za a yi ta."

Sai ta taɓa na'urarta, hoton ya matso. Wani siririn farin layi ya bayyana, ya taso daga bakin ramin. Ta ce sawun jakuna ne, sun bi har sun yi turba. Ta shiga bin sa da sanda. Bai nufi ƙetare ba. Ya yi yamma, ya wuce gindin kuka, ya gifta bayan masallaci, ya karya kwana wajen rijiya, ya tsaya cak a gaban wani sabon zaure, ga tubala a jere an shanya.

A nan ya wajaba in yi bayani. A ranin nan na sake gina zauren mahaifina, na rantse bulo da siminti ba za su shiga gidanmu ba. Na ce wa magini ya kawo mini jar ƙasa mai danƙo, irin wadda kakanni suka yi gini da ita. Babban mutum ba ya tambayar magini inda ya samo ƙasa, shi kuwa magini wurin haƙa ɗaya ya gada a wajen ubansa, wato bakin fadama. Ba baƙon da ya zo gidana ban sa shi ya shafa bangon nan ya yaba ba (har shi dagacin).

Idanu duka suka juyo kaina. Sai Alhaji Sule, taubashina, wanda bai taɓa barin wata dama ta wuce shi ba, ya ɗaga hannu.

"Malama, don Allah ɗan ƙara matso da shi. Wancan farin abin a ƙofar zaure, ba buzun shugaba ba ne? Wataƙila ma yana kai, yana yi wa jakunan sannu da zuwa."

Dariya ta kece, har da masu furfurar da ya kamata su san girman kansu. Na ce, "Wannan na'ura ba ta da tarbiyya! A ina aka taɓa leƙa gidan mutum ta sama ba sallama?" Har yau ina kan wannan magana, kuma har yau ba wanda ya ba ni amsa.

Dagaci ya jira aka natsu, sannan ya dube ni ya ce, "Alhaji, hukuncin naka ne. Ni amincewa kawai na yi."

Ran Asabar na tuɓe hula a gaban surukaina, aka ɗora mini kwando. Sule yana biye da ni yana kirari, "Hattara dai, mai ginin kakanni! Taka sannu, sama na kallon ka!" Mutanen ƙetare, waɗanda na zarga, suka zo taya mu cikon da jakunansu, suna gaishe ni da ladabin da ya fi zagi ciwo. Na nemi in ajiye shugabanci, dagaci ya ƙi, wai duk garin babu wanda ya san nauyin ƙasar fadamar nan kamar ni.

Abin da na koya ba shi da yawa. Idan yarinya mai hankali ta ce wa dattijo su keɓe, to ya tashi ya bi ta. In kuwa ya dage sai ya yanke hukunci a gaban jama'a, ya yanke wanda wuyan tsoho zai iya ɗauka.